Abin da Za Ka Faɗa a Bengu

Gaya, Lahadi da hantsi

Ɗana Hamidu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata ka sauka Doso lafiya, kuma sun ba ku wurin kwana na kirki. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya kiyaye ka daga sharrin wanda ka sani da wanda ba ka sani ba. Innarka na gaishe ka. Ta ce in tambaye ka ko yajin da ta ƙulla maka ya zube cikin tufafinka. Na ce mata ba don irin wannan ake ɓata takarda ba, amma ga shi na rubuta.

Ban sa wasiƙar nan a gidan waya ba. Garba direba zai miƙa maka hannu da hannu, ka san dalili. In ka karanta, kada ka bar ta cikin aljihun rigar da za ka ba mai wanki.

Labarin gida babu wanda ba ka sani ba. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne maganar da ka yi muna cin tuwo, ana gobe za ka tafi. Ka ce aikin da ka samu mai sauƙi ne. Za ku riƙa bin ƙauyuka da motar sinima ta gwamnati, a ɗaure farin ƙyalle tsakanin itatuwa, a fara nuna wa mutane manyan ƙasa suna buɗe rijiyoyi, sannan a saka musu fim ɗin kaboyi don kada su watse. Kai ne za ka riƙe mikiro kana fassara musu da Hausa da Dendanci. Ka ce sojan nan, ajidan ɗin da ke shugabantar motar, ya riga ya koya muku yadda ake yi: ba a saka fim duka, sai wuraren harbi kawai, kuma duk sa'ad da aka harbo ɓarayin shanu daga kan doki, mai mikiro ya ce, "Ku duba da kyau, haka gwamnati ke yi wa 'yan fasa-ƙwauri." Kana faɗa kana dariya. Ka kuma ce da Bengu za ku fara.

Ba ka lura innarka Hajo ta ajiye ludayi ba. Bengu garinsu ne. Kawunka Bube, wanda ya riƙa ɗora ka a wuya zuwa filin kokawa, tun da aka rufe iyakar Najeriya da jakunansa yake ciyar da gida. Yana bi ta daji zuwa Kamba da gero, ya dawo da kananzir da sabulu. Yawancin mazan da za su zauna gabanka a kan tabarma haka suke yi, kuma sun san muryarka. Ba za su ce ajidan ya ce ba. Za su ce ɗan Hajo ya zo da lasifika ya yi mana alkawarin harsashi. In ka faɗi wannan magana a Bengu, albashinka zai ci gaba da zuwa, amma ba za ka ƙara shan ruwa a gidan kakanninka da daɗin rai ba, ita ma innarka haka.

Ban ce maka komai ba a ranar, don na san amsar da za ka ba ni. Ka taɓa ba ni ita: "Baba, kai ma ai aikin da ka yi ke nan a filin sinima na Alhaji." Gaskiya ne. Shi ya sa nake da abin faɗa.

Ina saurayi ina karatu a Yamai na fara ganin fim ɗin kaboyi. Mu 'yan lakwal na lokacin, 'yan makarantar boko, an gaya mana mu ne za mu riƙe ƙasar nan, muka kuwa yarda. Ranar Asabar mu tafi sinima, mu zauna a bencin gaba, inda sai ka ɗaga kai har wuya ya ƙage. Mun sayi malafa masu faɗi mun lanƙwasa bakinsu. Muna tafiya hannuwa a buɗe kamar masu maruru a hammata. Kowa ya ari sunan wani jarumi. Nawa ba zan rubuta maka shi ba. Akwai wani tsohon abokina a Tanda da har yau da shi yake kirana in yana son ɓata mini rai.

Abin da nake kallo a lokacin ɗaya ne, hannu da bindiga, wa ya riga wa zarowa. Da an yi harbin ƙarshe mugu ya faɗi, sai mu miƙe mu yi waje muna kwaikwayon ƙarar da baki. Na yi shekaru ina cewa na san finafinan nan, alhali ban taɓa zama na ga abin da ke biyo bayan harbin ba.

Da wannan idon na kalli zuwan soja. Shekarar yunwa ce, kana yaro amma ba za ka manta da ita ba. Hatsin taimako na zuwa yana ɓacewa tsakanin mota da magazar ajiya. Da rediyo ya ce soja sun karɓi mulki, ina diraktan lakwal a Tanda, na fito da yara bakin hanya muka yi ta tafi. Ba wanda ya sa ni. A raina na ce ga mai doki ya shigo gari, zai kori ɓarayi. Ya kori wasu ma, ba zan hana shi wannan ba. Abin da ban tambaya ba shi ne yaushe zai sake hawa dokinsa. Yau ka duba: soja a nan, soja a hayin kogi, soja a gabas. Duk inda ka juya daga Gaya hular ɗaya ce, launinta kawai ya bambanta. Kada ka yi saurin yi wa mutum tafi ranar da ya shigo, Hamidu. Ka jira ka ga fitarsa tukuna.

Wauta ta biyu ma daga bencin gaba na ɗauko ta. An aiko cewa wani babban hafsa zai wuce ta Tanda, a fito da yara su tsaya bakin hanya. Muka fito da su tun da sassafe. Rana ta take, ba mota ba alamarta. Wata yarinya ta yanke jiki ta faɗi. Na sallami yaran duka, na koma ofis na rubuta takarda zuwa sama, da Faransanci mai kyau, irin wanda ake ba ɗalibi lambar yabo saboda shi. Na karanta wa sauran malamai kafin in aika. Ɗaya ya kira ni da laƙabin girmamawa na Faransanci ya ce, "Mushe Direkta, wannan takarda sai dai a sa ta cikin gilashi a rataye." Wani ya ce, "Muna bayanka." Suna bayana ƙwarai, nesa sosai.

Ina rubutun ina jin kaina kamar mutumin nan da ke tsayawa shi kaɗai a tsakiyar titi da rana tsaka. Na manta cewa shi ba shi da mata, ba shi da 'ya'ya, kuma ba a taɓa nuna shi a kasuwa yana taya buhun gero ba. Ba a daɗe ba aka sauke ni. Ba a ɗaure ni ba, ba a doke ni ba. An dai manta da ni, ba a kuma sake tunawa ba. Waɗanda na koya wa harhaɗa baƙaƙe yanzu suna wuce ni a mota, masu kirki daga cikinsu su ɗaga mini yatsa biyu. Sallamar yaran daidai ce, ko yau zan sake. Takardar ce shirme. Da na yi shiru na ce zafi ne ya kore su, da ina nan ina koyarwa.

Saboda haka ban ce ka tsaya gaban ajidan ka ce ba za ka yi ba. Kada ka yi masa jawabi, kada ka nuna masa ka fi shi karatu. Na gwada wannan hanya, ka ga inda ta kai mu: a bayan tashar mota ka girma, hayaƙi na shigo mana ta taga.

Haka na faɗo filin Alhaji Na-Allah. Ka san wurin, amma ba ka san yadda aka fara ba, don ba na barinka zuwa sai da ka yi wayo. Alhaji ɗan kasuwar albasa ne. Ya lura direbobin manyan motoci na yin kwana da kwanaki a Gaya suna jiran takardun duwan, wato kwastan, ba abin yi sai karta da faɗa. Ya shafa wa bangon magazarsa farar ƙasa, ya sayo tsohon injin fim daga Kwatano, ya ɗauko wani mutumin hayin kogi mai suna Kojo ya riƙa juya shi. Saura wanda zai gaya wa mutane abin da ake faɗa, don kaboyin duk da Faransanci suke magana. Ya aiko a kira ni. Ya ce, "Mushe, an ce gwamnati ta gama da bakinka. Ni ina so."

Na riƙa tsayawa gefen bango da sanda irin ta nuna allo. Na iya aikin, ba yabon kai ba. Amma nan da nan na gane abin da ke sa su dariya, sai na bi shi. Kaboyi ya shigo ya ce a ba shi abin sha, ni in ce, "Ya ce wa ya ga tsohon da ya sace masa akuya?" Mugu ya ɗaga gira, in ce, "Ya ce hular nan taka ta gwanjo ce, ya gan ta a kasuwar Malanbil." Fili ya ɗauka. Yaran mota na cewa, "Ƙara masa, Mushe, ƙara masa." In aka yi shiru a fim ko na ɗan lokaci, sai wani ya ɗaga murya daga baya: "Mushe, mi ya ce?" In ce bai ce komai ba. "To mi yake tunani?" Sai in ƙirƙiro. Mutane sun sha wahala sun shirya abu mai kyau a wata uwa duniya, ya ƙetare teku ya zo Gaya, ni na mai da shi wasan 'yan kama. Ina cika kowane shiru da magana kamar mai zuba yaji a abincin da bai ɗanɗana ba.

Wata rana akwatin fim ya zo daga Kwatano da rubutun karate a jiki. Aka saka, ashe ba karate ba ne. Tsohon fim ne na Japan, baƙi da fari, na mutanen nan masu takobi da ake kira samurai. Da harshensu suke magana, fassarar Faransanci na gudu a ƙasa, rabinta na ɓacewa cikin farin bango. A ranar kuma mura ta shaƙe ni, murya ta tafi ɗungum. In na buɗe baki sai iska. Alhaji ya ce in dai tsaya da sandata, kada a ce babu Mushe.

Na samu na raɗa wa na kusa da ni tushen labarin, shi ya faɗa wa sauran: wani sarki ne ya aiki baransa mai takobi ya kamo masa wani masassaƙi da ya gudu daga aikin fada. Iyakar abin da suka samu daga gare ni ke nan. Da farko an yi ta gunaguni. "Ina karaten?" "Kojo, a kife ka saka shi?" Sannan baran ya isa ƙauyen cikin ruwan sama, ya sami gidan. Masassaƙin ya gane shi, shi ma ya san an gane shi. Matar gidan ta kawo shinkafa. Suka zauna a ƙasa tare da yara. Baran ya ciro takobin daga ɗamara ya ajiye gefensa. Ba wanda ya yi magana, sai ƙarar ruwa a kan rufi da ƙarar cin abinci. Ƙaramin yaron ya miƙa hannu zai taɓa kuben, uwar ta janye shi ba ta ko ɗaga kai ba. Mai ɗaukar hoton bai motsa ba. Ya bar mu muna kallon fuskar baran, tsoho mai furfura a gemu, yana tauna a hankali.

A filin nan da ka sani, wanda ko limami ba zai iya sa shi shiru ba, injin Kojo kaɗai nake ji. Wani direba kusa da ni ya ɓare goro ya manta da shi a hannu. Da ina da murya, da na ce, "Ya ce shinkafar ba gishiri," da an yi dariya, da ba wanda ya ga abin da muka gani.

Faɗa ɗaya ne a fim ɗin duka, tsakanin baran da wasu da sarkin ya sake aikowa, kuma kafin ka ƙifta ido ya ƙare. Daga baya baran ya koma fada shi kaɗai, ya durƙusa, ya ajiye takobin gaban ubangidansa, ya sa goshi a ƙasa. Rubutu ya fito, bango ya cinye shi. Har yau ban san me ya ce ba, ban kuma san me aka yi masa ba.

Da safe wurin mai shayi ba a yi wata hira ba sai tasa. Wani Bazabarme direban motar mai ya ce, "Tsoro ya ji. Ba ku ga gatari a jingine bayan ƙofa ba?" Wani Bakano ya ce, "Kai dai kanka tayar mota ce. Yaran ya duba." Mai shayi ya ce, "Ku bar wahalar da kanku. Ya ci shinkafar mutum, ta yaya zai ɗaure shi? Ko a Japan ai akwai kunya." Suka juyo gare ni: "Mushe, kai da ka yi karatu, raba mu." Na nuna musu maƙogwarona. Ban taɓa jin daɗin ciwo irin na ranar ba.

Mutanenmu ba sa bukatar a tauna musu. Wanda ya saba karanta fuskar ɗan duwan daga nesa ya san ko yau za a wuce, ba zai kasa karanta fuskar wani tsoho a bango ba. In fim ya yi shiru, da gangan ya yi. A nan ne yake ba mai kallo nasa aikin.

Wani abu kuma na gane a ranar. Ina saurayi kaboyi na fi so, don ba shi da ubangida, inda ya ga dama yake juya linzami. Samurai kuwa bara ne. Kullum akwai wanda ya aiko shi, kuma duk nauyin fim ɗin yana kan abin da zai yi da aiken in ya isa ya ga fuskokin mutane. Mu da ke cin albashi, da ni a da, da kai yanzu, ba kaboyi ba ne, ko da mun sayi malafa. Irin na biyun ne.

Daga nan na roƙi Kojo mu riƙa kallon kowane fim da rana kafin a nuna, cikin magaza, mu toshe taga da buhu. Har yau in na ji warin albasa dawaki nake gani. A nan na gano abin da ake yi. Don tsimin mai, da an yi harbin ƙarshe Kojo ke kashe inji, tunda mutane sun riga sun miƙe. Akwai naɗin ƙarshe na kowane fim ɗin kaboyi da bai taɓa hawa inji a Gaya ba. Yadda ya zo haka ake mai da shi.

Na ce ya saka mini ɗaya. Fim ne da na sha yi wa fassara: wani attajiri ya kewaye rijiyar gari da waya mai ƙaya, wani baƙo ya zo ya karya shi da yaransa. A nan muke tsayawa. Ashe da sauran labari. Baƙon ya zauna a bakin dakali yana son naɗa taba, tabar na zubewa. Wata tsohuwa ta fito da kwano tana zuba ƙasa a kan jini. Ɗaya daga cikin waɗanda ya kashe ashe ko gemu bai fara ba. Uwarsa ta zo ta zauna kusa da shi, ba ta yi kuka ba, tana gyara masa wuyan riga. Manyan gari suka zo da tauraron ƙarfe irin na mai tsaron gari suka miƙa wa baƙon. Ya dubi tauraron, ya dubi matar. Ya ja dokinsa zuwa rijiyar, ya jira wata yarinya ta gama cika tulunta, ya shayar da shi, ya hau. Aka bar mu da fili mai faɗi, ba itace ba gida, shi yana ƙanƙancewa har ya zama ɗigo.

Kojo ya ce, "Mushe, wannan ba ya sayuwa. Ba harbi." Na ce, "Wannan ne fim ɗin, Kojo. Sauran duk share fage ne." Ya ce, "To ka gaya wa mai sayen man." Na gaya masa. Alhaji ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Mushe, ni albasa nake sayarwa."

Waɗanda suka yi finafinan nan, masu kyau daga ciki, na Amurka da na Japan, ba yabon makami suke yi ba. Sun san akwai ranar da gari ke bukatar mai makami, sun kuma san ba a zama da shi. Na kirkin ma ya sani, shi ya sa yake tafiya. Ban taɓa ganin fim ɗin da ya nuna abin da ke faruwa in ya karɓi tauraron ya zauna ba. Wannan ba a bango aka nuna mana shi ba. Ajidan ɗinka bai ƙirƙiro komai ba. Abin da Alhaji ya yi saboda mai, shi yana yinsa saboda wani dalilin.

Ga abin da nake so ka yi. Ka kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe kafin ku fita, ko da sai ka saya wa mai inji sigari. Ka lura da abin da mutum ke yi kafin ya taɓa bindiga, wa ya gaisar, ina ya zauna, shi ya fara sha ko dokinsa. In ka riƙe mikiro, ka faɗi abin da mutumin da ke kan ƙyalle ya faɗa, da Hausa mai kyau, kada ka rage, kada ka ƙara. In ya ce ɓarayin shanu, ka ce ɓarayin shanu. Mutanen Bengu ma ba sa son ɓarawon shanu. In ya yi shiru ka yi shiru. Lokacin harbi, ƙarar bindiga ta isa ta cika lasifika. Ka sauke mikiro ƙasa da haɓarka. In ajidan ya tambaya, ka ce ƙara ta yi yawa, ko ka ce kallo ya ɗauke ka. Ka bar shi ya ɗauke ka sakarai. Za a zage ka, wataƙila a mai da kai jan waya da ɗaure ƙyalle. Ka ja wayar. Sakarai yana iya shiga gidan kawunsa a dama masa fura.

In kuwa ya tsaya a kanka ya ce sai ka faɗa, ka miƙa masa mikiron da hannu biyu cikin ladabi ka ce, "Mon ajidan, muryarka ta fi tawa kwarjini." Ai yana jin Hausa. In maganar gwamnati ce, ta fito daga bakin mai hula.

Ban ce wannan jarumta ce ba. Ba wanda zai yi fim a kanta. Ban kuma yi maka alkawarin za ta yi ba, don shawarata ba ta kai ni ko'ina ba, kana iya cewa maganar tsoho ce da duniya ta juya wa baya. Akwai gaskiya a ciki. Ba na son ganin ka rasa aikin; na san yadda gida ke zama in aka rasa. Amma na fi ƙin ganin innarka ta riƙa zagayawa ta bayan gari in ta je gaishe da 'yan'uwanta.

Tun da motoci suka ragu aka rufe filin Alhaji ban ƙara kallon fim ba, na kuma ɗauka na gama. To, na gaya wa innarka zan raka ta Bengu ranar da motarku za ta zo. Ba zan zo wurinka ba, ba zan gaishe ka gaban ajidan ba, kai ma kada ka neme ni da ido. Zan zauna a tabarma ɗaya da Bube, kafaɗata a jikin tasa. Ba ya jin Faransanci. Na san zai juyo ya tambaye ni ko abin da yaron ya faɗa shi ne abin da Baturen ya faɗa. Ban taɓa yi wa Bube ƙarya ba, ba kuma zan fara don kai ba. Ina so in ce masa, "Shi ne."

Allah Ya kai ku ƙauyukan nan lafiya, Ya fito da ku lafiya. Ya tsare maka harshenka kamar yadda nake roƙon Ya tsare maka jikinka. Ka kula da salla ko a kan hanya ne. Innarka ta sake leƙowa ta ce in ce maka kada ka sha ruwan tafki.

Mahaifinka